Baƙin Gilashi a Ƙofar Baya

Abin da zan faɗa a gidan da nake ci nake sha aka yi shi, kuma da hannuna a ciki.

Gidan na ɗan wana ne, wanda kowa ke kira Manaja. Shi da matarsa Malama suna cikin babban gini, ni da Yaya muna ɗakuna biyu na baya, kusa da tankin ruwa. Yaya shi ne mahaifin Manaja, shi ne kuma ya koya mini sa gilashin mota. Shekara arba'in muka yi a rumfa ɗaya, kafin ni gwiwa ta zaunar da ni, shi kuma rikicewar kai ta zaunar da shi. Yanzu ya haura tamanin. Wata rana ya gane ni, wata rana ya tambaye ni ko ni ne mai gyaran famfo. In ya gane ni kuwa, Auta yake ce mini, ni da furfura har gira.

Manaja yana da mota irin wadda ake kira haibirid, mai shan fetur tana kuma jan batir. Ni mutum ne mai son abin mamaki, motar nan kuwa ta kama mini hankali. Shigowa gida take kamar kyanwa ta hango tsuntsu, ba ka jin komai sai ƙarar yashi ƙarƙashin taya. In an bar ta a kunne a tsaye sai ta yi tsit, can injin ya farka da kansa, ya yi gurnani kaɗan kamar tsoho ya juya cikin barci, ya sake yin shiru. Nakan ɗauko kujera in zauna a gefenta ina jiran wannan farkawar. Ban san shirun nan nata ne za a mayar abin aiki ba.

Wata Asabar abokan aikin Manaja suka zo, har da babbansu. Ana cikin hira a falo sai ga Yaya ya shigo, wandonsa a jiƙe. Ya nufi babban baƙon kai tsaye, ya zare masa tabarau daga fuska, ya ɗaga shi wajen haske yana jujjuyawa, ya ce, "Wannan ba na asali ba ne. An cuce ka." Baƙi suka tuntsire da dariya, har mai tabarau ɗin. Manaja ne kaɗai bai yi ba.

Asabar ta gaba, baƙi na hanya, ya same ni a bakin tanki.

"Baffa, don Allah ka raka Baba mota ya ɗan sha sanyi."

"Fita za ku yi?"

"A'a. Ya dai zauna a ciki kafin mutanen nan su tafi. Rabin awa ne."

Na ce, "Ɗakinsa fa?"

"Ɗakinsa bugun ƙofa yake, har falo ana ji. Mota kuwa ga sanyin esi, ga kujera mai laushi, ga rediyo. Wallahi Baffa ta fi falon daɗi. Ni da za a bar ni a ciki in huta, da godiya zan yi."

Yaya ba ya bin kowa sai ni. Da Manaja ya kama hannunsa sai ya fizge, ya ce, "Kai ɗan waye?" Saboda haka ni na je. Na ce, "Yaya, taso mu tafi rumfa, aiki na jira." Fuskarsa ta washe. Ya gyara hula, ya lalubi aljihu kamar mai neman tef ɗin awo, ya biyo ni da sauri har yana wuce ni. Ya shiga baya ya zauna a hannun dama, ya miƙe wuya irin na maigidan da za a tuƙa. Manaja ya ɗaura masa bel, ya tura wani ɗan maɓalli a gefen ƙofar, wanda aka yi don kada yara su buɗe daga ciki. Ya rufe. Motar tana kunne, amma ko numfashinta ba ka ji. Baƙi suka wuce ta gefenta suka shiga falo, ba wanda ya waiwaya.

Ranar rabin awa ne, gaskiya. Da na buɗe masa ya ce, "Mun iso?" Na ce mun iso, yau ba aiki.

Daga nan abin ya samu wurin zama. In ƙawayen Malama za su zo, mota. In za a wanke tsakar gida, mota, don kada ya zame. In Malama tana duba takardun ɗalibai tana son shiru, mota. Rabin awa ya zama awa, awa ta zama daga hantsi zuwa azahar. Da ya jiƙa kujera sau biyu, aka shimfiɗa leda. Da ya jiƙa ledar, Malama ta ce a daina ba shi shayi da ruwa da safe in ranar shiga mota ce.

Na ce, "Malama, tsoho da ƙishi?"

Ta ce, "Baffa, ni ce mai wankin. Ka ga hannuna? Daga makaranta in dawo, in dafa, in wanke, in goge. Ban ce na gaji da shi ba, ubana ne shi ma. Amma a tausaya mini mana. In ya fito ya sha har ya ƙoshi."

Hannun nata kuwa duk ya tsattsage, ban ƙaryata ta ba.

Yaya ya fara canjawa. Da farko in na leƙa ta gilashi nakan same shi yana magana da rediyo, yana yi wa mai labarai gardama. Daga baya ya daina. Sai ya kafa goshi a jikin gilashi yana kallon ƙofar gida. Leɓensa ya bushe ya yi fari. Ƙafafunsa suka riƙa kumbura saboda zama, in ya fito sai na tallafe shi. Wata safiya na ce, "Taso mu tafi rumfa," sai ya dube ni ya ce, "Auta, motar nan ba ta tafiya." Na ce go-sulo ne, Yaya. Ya jinjina kai ya biyo ni. Ranar ban iya cin abincin rana ba, amma na ci na dare.

Na taɓa gwada yi wa Manaja magana. Ya saurare ni da ladabi, hannunsa a baya, sannan ya ce, "Baffa, wasu fa gidan mahaukata suke kai nasu. Wasu ɗaurewa suke da igiya. Ni fetur nake ƙonawa don ubana ya sha sanyi. Kai ma ga ka nan, wa ya taɓa ce maka ka tashi?" Bai ɗaga murya ba. Amma na ji inda maganar ta sauka. Ni ba ɗa, ba mata, ba rumfa. Ɗakin kusa da tanki shi ke nan gare ni.

Motar tana da wata ɗabi'a da ban sani ba sai daga baya. In ta daɗe a tsaye ba a taɓa ta ba, kashe kanta take. Manaja ya sani, yakan faki ido ya fito ya sake danna ta. Ranar da abin ya faru taro ya yi musu daɗi a falo, ya manta. Kuma da yake a kunne shiru take, a kashe ma shiru take, ba mai gane bambanci daga waje. Rana ta karkato ta shigo ƙarƙashin rumfar mota ta sauka a kan ƙofar baya.

Ni ina ina? Ina bayan tanki, a tsugune, ina kallon tururuwa sun ɗauko fiffiken fara suna gardamar ta inda za su shigar da shi rami. Na fi awa a wurin. Sai na ji tas! kamar an taka busasshen kwano, sannan wani yarrr, irin zubar tsakuwa.

Kunnen mai gilashi ba ya ɓata wannan ƙarar. Na taso ina jan gwiwa. Gilashin ƙofar baya babu shi, ya zube ƙasa kamar ƙanƙara. Yaya ya leƙo da kai waje, bakinsa a buɗe yana zuƙar iska, rigarsa ta manne da jiki. Da na buɗe ƙofa zafin da ya bugo ni kamar na buɗe tanda. Bayan hannunsa na jini. Na kwance bel, na jawo shi inuwa, na ɗebo ruwa a kofi. Ya sha uku a jere yana shaƙewa.

Manaja ya fito da gudu, baƙi biyu a bayansa. Ya dubi uban, ya dubi motar, ya juya ya tare su da murmushi. "Yaran unguwa ne da jifa. Ku koma, ku koma, ba komai." Suka koma.

Ba jifa ba ne. Dutse in ya zo daga waje, ciki yake zubar da gilashi, wannan kuwa yawancinsa a waje yake. A kan kujera na ga matashin kai, wanda ake zarewa, mai ƙafafun ƙarfe biyu. A kusurwar taga ta ƙasa roba ta yage. Gilashin gefe ko da guduma ka buge shi a tsakiya yana iya yi maka gardama, amma in ka soka ƙarfe a kusurwa tsakaninsa da roba ka danna, sai ya watse gaba ɗaya. Ba kowa ya san wannan ba. Mutumin da ya manta sunan ɗansa bai manta inda gilashi yake da rauni ba.

Da yamma Malama ta ɗaure masa hannu tana hawaye, tana cewa, "Sannu Baba, sannu." Na ɗauka an gama ke nan. Na ce a raina, to, Allah Ya kawo ƙarshen abin da ni na kasa.

Washegari Manaja ya kira ni gaban motar.

"Baffa, ba sai na kai ta gareji ba, su yi ta tambaya. Kai ne gwani. Ka samo gilashi ka sa mana kafin taron Asabar." Ya dubi tagar. "Amma baƙi nake so. Mai duhu sosai."

"Sauran ai farare ne."

"Wancan gefen bango yake kallo. Wannan ne ke kallon hanyar shigowa. Matar benen maƙwabta ta fara yi wa Malama tambayoyi. Kuma baƙi yana tare rana, ka ga don lafiyarsa ne ma. Ni kuma na sa ƙararrawa a waya, ba zan sake mantawa ba." Ya buɗe ƙofa ya zare matasan kai na baya duka, ya rungume su. "Waɗannan a ajiye a sito. Sannan Baffa, ka kula da batirin, a ƙarƙashin kujerar nan yake. Ka ga ramin iskarsa a gefe? Kada ɓarɓashi ya shiga. Shi ne ran motar."

Na dubi ramin iskar. Na dubi tabon jini a kan roba, ɗan taƙi kaɗan sama da shi. Na ce, "To."

Dogo mai sayar da gilashi yaronmu ne a da, yanzu shi ma ya yi jika. Yana ganina ya miƙe yana ihu.

"Kai! Matattu sun tashi! Baba Auta, kai ne da ranka? Ina Maigida? Yana nan yana zagin mutane?"

"Yana nan."

"Ka ce masa har yau kunnena na zafi inda ya murɗe. Me za a ba ka?"

Na faɗa masa irin motar, ƙofar baya, hannun dama, baƙi.

"Guda ɗaya baƙi, saura farare? Motar ciwon ido take, za a rufe mata ɗaya?" Ya yi dariya ya shiga ciki ya fito da shi a naɗe cikin kwali. "Wa ya fasa? Ɓarayi?"

"Jifa."

"Yaran yanzu! Ka gaida Maigida. Ka kawo shi mana wata rana ya ga wuri, ko awa ɗaya. Mu ba shi kujera ya zauna ya yi ta gyara mana kuskure."

Na ce in sha Allahu. Na fito da gilashin a hammata, ina jin kamar kowa a titi ya san abin da na ɗauko.

Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma gefen motar na jera kayan aiki. Na fara liƙe ramin iskar batir da salatif, kamar yadda aka umarce ni. Na kwance sukurorin da ke ɓoye bayan hannun ƙofa, na bi gefe-gefe ina ɓalle murfin ciki a hankali don kada ƙugiyoyin roba su karye. Na cire wayar maɓalli, na ɗaye ledar da ke rufe cikin ƙofar. A can ƙasa ɓarɓashi ya taru kamar gishiri. Wannan ne wurin da ragon ma'aikaci ke bari, mota ta yi ta kacau-kacau har ta tsufa. Na sa hannu ina kwasowa.

Sai na ji inuwa a kaina.

"Da buroshi ake yi, sakarai. Ka fi son ka yanke?"

Yaya ne, da bandeji a hannu, ya tako shi kaɗai daga ɗaki. Idonsa tar, irin wanda na yi wata da watanni ban gani ba. Ya tsuguna da ƙyar, ya karɓi buroshin ya share kwanar da ban kai ba. Ya bi hanyar robar da gilashi ke hawa da ɗan yatsa, ya tsamo wata ƙwaya ɗaya da ta maƙale, ya nuna mini a tafin hannu. Haka yake yi mini tun ina ɗan shekara goma sha biyar.

Na zare sabon gilashin daga kwali. Ya karɓa, ya ɗaga shi sama, ya ƙwanƙwasa da farce ya kara a kunne.

"Mai kyau ne. Na wa?"

"Na wani mutum ne, Yaya."

"Karkato shi. Hanci ya fara shiga, sannan gindi. Kar ka tilasta masa, gilashi ba ya son dole."

Ya riƙe sama da hannu mai bandeji, ni na zura nawa cikin ƙofa na daidaita shi a kan injin ɗagawa, na ɗaure. Hannunsa ko rawa bai yi ba. Muka mayar da waya, ya ce in ɗaga, in sauke, in ɗaga. Gilashin ya hau sumul ya shige roba ba ƙara. Muka mayar da leda, muka buga murfi. Ya sa gefen riga ya goge shatin yatsunmu, ya ja baya yana kallo, yana murmushi.

"Ya zauna," in ji shi. "Ko iska ba ta isa ta wuce ba."

Na juya baya na yi kamar ina tattara sukundireba.

Kafin in naɗe tabarma aka yi hon a ƙofar gida. Manaja ya fito yana gyara wuyan riga. Ya zagaya motar, ya kara fuska a gilashin, bai ga komai ba sai kansa.

"Kai Baffa, hannunka na nan! Sun iso fa. Yi sauri."

Na dubi Yaya. Hasken nan na idonsa ya fara ja da baya, yana waige-waige kamar wanda aka sauke a tashar da bai sani ba. Bakina ya buɗe don in ce a'a. Na rantse ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Yaya, taso mu tafi rumfa."

Ya shiga. Manaja ya ɗaura bel, ya danna motar ta kunnu cikin shirunta. Ni kuma, ban san abin da ya tura ni ba, na zagaya ta gefen bango na buɗe ɗaya ƙofar na shiga na zauna kusa da shi. Na harɗe hannu. A zatona wannan magana ce. A zatona yaron zai ga baffansa da ubansa a jere cikin akwatin ƙarfe, kunya ta kama shi.

Ya leƙo, fuskarsa ta cika da jin daɗi.

"Yauwa Baffa! Wallahi ka kyauta. Dama tunanin da nake ke nan, in kuna tare hankalina ya fi kwanciya. Allah Ya bar zumunci."

Ya tura ɗan maɓallin yara na gefena, ya rufe ƙofar a hankali, ya tafi tarar baƙi.

Daga ciki baƙin gilashi ba ya ɓoye komai. Duniya tana nan yadda take, sai dai kamar hadari ya rufe ta. Na ga baƙi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na ga mai tabarau ya tsaya daidai tagar, taku ɗaya tsakaninsa da fuskar Yaya, ya gyara hularsa a cikin gilashin, ya shafa gemu, ya wuce. Na ga Malama a bakin ƙofa tana yi musu maraba. Ta dubi motar sau ɗaya ta kawar da kai.

Sitiyari yana gabana. In na miƙa jiki tsakanin kujerun gaba, hannuna zai kai hon. Dannawa ɗaya, in riƙe, duk falon zai fito, matar bene za ta leƙo, a buɗe ƙofar nan a gaban kowa. Na auna nisan da ido. Na auna shi da kyau, aikina ne awo. Sannan na tuna katifata, da ƙusar da nake rataye riga, da kwanon da ake turo mini safe da yamma. Hannuna ya tashi daga cinya, ya kai kan kujerar gaba, ya tsaya a nan kamar mai neman abin dafawa.

Mutane suna cewa mugu ne ke zalunci a gida. A namu gidan ban ga mugu ba. Na ga mai jin kunyar baƙi, na ga wadda ta gaji, na ga mai tsoron rasa ɗaki. Mu uku muka haɗu muka ishi tsoho ɗaya, kuma kowannenmu yana gaishe shi da safe.

Yaya ya daɗe yana kallon waje. Can ya ɗaga hannu mai bandeji ya bi gefen tagar da yatsa, daga sama har kusurwar ƙasa. Ya danna. Ya sake dannawa. Ya juyo ya dube ni, kallon da ake yi wa baƙo a motar haya.

"Malam, wa ya sa wannan gilashin?"

Na ce, "Ni ne."

Ya jinjina kai.

"Ka iya aiki. Wanda ya koya maka bai cuce ka ba."